Tambaya da Amsa: Ranar Abincin Indiya a Bariénou, a yi ko a bari?

TAMBAYA

Ni malamin makarantar firamare ne a Bariénou, ƙasar Djougou, kuma ni ne magatakardan ƙungiyar samarin unguwarmu. Kakanninmu fatake ne da zama ya kama su a nan, shi ya sa har yau Hausa muke yi a gida.

Wani ƙanenmu da ya yi karatu a Indiya ya dawo da labarin irin tarukan abinci da suke yi a can: a kafa rumfuna, a yi girke-girke, a yi jawabi kan noma da muhalli, a karrama masu dafa abinci. Ya kawo shawarar mu ma mu yi Ranar Abincin Indiya idan an gama kakar kashu. Wani ɗan kasuwa da ke saya wa wasu Indiyawa kashu ya yi alkawarin buhunan shinkafa da kayan ƙamshi da kuɗin rumfa. Samari sun yi na'am, ka san mu da fina-finan Indiya. Dattawa sun ce almubazzaranci ne, ɗaya ma ya ce abincin masu bautar gumaka ne. Mata masu tuwon sayarwa da muka sa ran za su yi girkin kuwa, tambayarmu suka yi wa zai biya su cinikin yinin da za su rasa, muka yi shiru. Malam, mu yi ko mu bari?

Naka, wani malamin makaranta, Bariénou.

AMSA

Na gode da wasiƙarka, Malam, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Ka miƙa gaisuwata ga dattawan nan, ka ce musu rabin maganarsu na karɓa.

Rabin da ban karɓa ba shi ne na halacci, kuma shi ne mafi sauƙin sallama. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun haura miliyan 170, wato babu ƙasar Afirka da ta kai su yawan Musulmi. Biriyanin da ƙanenku yake ba ku labari a gidajen Musulmi da fadojin sarakunansu na Hyderabad da Lucknow ya yi suna, kuma a Hyderabad ɗin akwai wani faten alkama da nama, haleem, da ake shan ruwa da shi duk watan azumi. Biriyanin kuwa shinkafa ce da nama da albasa da citta da kanumfari da kurkum. Idan mahaucinku ne ya yanka ragon, me ya rage? Abin da aka kai ɗakin bauta aka miƙa wa gunki magana ce daban, limaminku ya fi ni sanin hukuncinta, kuma ba wanda zai kawo muku shi Bariénou.

Cikin duk waɗanda ka lissafa, matan nan ne suka yi tambayar da ta kamata, kuma zan dawo kanta. Amma bari in fara rage muku ɗokin baƙunta, domin Indiya ta daɗe da shiga tukunyarku. Shiga shagon da ya fi kusa da gidanka ka juya buhun shinkafar waje ka karanta bayansa. In ba Tailan ba, to Indiya za ka gani. Kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake fitarwa kasuwar duniya daga can take, kuma Benin tana sahun gaba cikin masu saye. Mutanen Benin ba su fi kowa cin shinkafa ba, tashar jirgin ruwa ta Kwatano ce ƙofar bayan Najeriya, abin da ya sa Najeriyar ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ranar 20 ga Yulin 2023 gwamnatin Indiya ta hana fitar da farar shinkafa in ba basmati ba, don kada farashi ya hau mata a gida. Wata guda bayan haka ta ɗora harajin kashi 20 a kan turararriyar shinkafa, irin wadda muka fi ci a yankin nan. Sai a ƙarshen 2024 ta sassauta. Mai wake da shinkafa a tashar motar Parakou ba ta san sunan ministan da ya sa hannu ba, amma ta san buhu ya tashi, mai saye kuma ya ga kwanonsa ya rage. Saboda haka idan kuka karɓi buhunan nan kuka dafa, abin da kuke ci kullum ne kuka ƙara wa kanumfari.

Ga abin da ke fita daga wajenku kuma. Itacen yazawa, wato kashu, ɗan asalin Barazil ne, Turawan Fotugal suka kai shi gaɓar Indiya a ƙarni na 16, a can kuma aka ƙware da fasa ƙwallonsa. Shekara da shekaru, kashun da kuke tsinta a gonakin Donga da Borgou daga Fabrairu zuwa Mayu, ɗanye ake loda shi a Kwatano ya tafi Indiya ko Biyetnam. A Indiya, garin Kollam na jihar Kerala ne ya fi shahara da wannan aiki, kuma kusan duk ma'aikatan mata ne.

Ba sai na koya maka abin da ke cikin ɓawon kashu ba. Ka ga yadda yara ke gasa shi a bayan gida: a zuba a tsohon kwano mai huji a ɗora a wuta, man ɓawon ya tsattsafo ya kama ci da baƙin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, a kifar a ƙasa a bi shi da toka, sannan a sa ɗan itace ana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi gaggawa ya taɓa man nan, washegari fatar yatsunsa ta yi baƙi ta fara saɓulewa. Yaro sau ɗaya yake yi ya ci ya tashi. Matar Kerala tana zaune a kan aikin nan daga safe zuwa yamma, tana shafa toka ko mai a hannu don ya rage mata ƙuna, kuma da nauyin abin da ta fasa ake biyanta, ƙwayar da ta karye kuɗinta ya ragu. Sai an fasa kilo 4 zuwa 5 na ɗanye kafin a sami kilo 1 na ƙwaya. Ka sa ƙanenku ya faɗa wa taro nawa ake sayar da wannan kilo ɗin a kantunan Delhi, manoma su faɗi nawa aka saya a hannunsu bana, sai kowa ya yi lissafinsa. Za a ga mai tsinta a Bariénou da mai fasawa a Kollam su ne suka fi shan wuya, su ne kuma suka fi samun kaɗan.

Gwamnatin Benin ta sanya 1 ga Afrilun 2024 a matsayin ranar hana fitar da ɗanyen kashu, don a riƙa fasa shi a gida, musamman a yankin masana'antu na Glo-Djigbé kusa da Kwatano, wanda ta kafa tare da kamfanin Arise IIP. Wanda ya kafa kamfanin, Gagan Gupta, shi ma Ba'indiye ne. Kafin wannan ma akwai masana'antu a arewa, kamar Tolaro Global a Parakou. A ganina manufar tana da kyau, domin aikin da ake yi a Kerala ya dawo gida. Amma da aikin da ƙunar hannun tare suke tahowa, kuma idan masu saye suka ragu, manomi ba shi da inda zai kai kayansa in farashin bai yi masa ba. Waɗannan su ne maganganun da ya kamata a yi a ƙarƙashin rumfarku, a gaban ɗan kasuwar da ya biya kuɗinta.

To, wane irin taro? Ƙanenku, ina zato, na birni ya gani. A Delhi ƙungiyar masu sayar da kaya a bakin titi ta ƙasa tana shirya bikin abincin titi, kuma ba wasa ba ne, irin waɗannan ƙungiyoyi ne suka matsa har aka yi dokar 2014 da ta ba mai tallan titi haƙƙin wurin sana'arsa. Amma wanda ya dace da ku yana ƙauye. A yankin Zaheerabad na jihar Telangana, ƙasa ce mai tsakuwa da ƙarancin ruwa, akwai ƙungiyar Deccan Development Society, ta mata manoma talakawa, akasarinsu daga ƙabilun Dalit da al'adar can ta ajiye a ƙasan kowa. Tun 1999, duk tsakiyar Janairu sukan yi wa amalanken shanu ado, su jera tukwane da ƙananan kwanduna cike da irin shuka na gargajiya, gero da dawa da wake da riɗi kala-kala, su bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya har kusan wata guda. Inda suka sauka a yi kiɗa, a dafa abincin waɗannan hatsi, a zauna a tattauna wane iri ne ya jure fari, wanne ya ɓace daga gari, wa ke da ragowarsa. Wadda ta adana iri mafi yawa a karrama ta a bainar jama'a. A 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo ta Equator. Dalilin bikin nasu shi ne shinkafar gwamnati mai rahusa ta sa mutane sun bar noman hatsin iyayensu, har yara suka fara jin kunyar cinsa. Ina jin wannan labarin ba baƙo ba ne a Djougou.

Abin da zai ba ka mamaki, geron da suke yawo da shi a amalanke daga nan ya tafi. Masu binciken tarihin ƙasa sun gano cewa a Sahel ɗin Afirka ta Yamma aka fara noma shi, wajen arewacin Mali, fiye da shekara 4,000 da suka wuce, daga baya ya isa Indiya. Dawa ma daga Afirka ta je. Yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noman gero, ita ce kuma ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekararsa. Su kuma suka ba mu mangwaro da darbejiya. Idan ƙanenku yana son ya nuna gwaninta, ya bar biriyani ya gasa muku gurasar gero irin ta Rajasthan, wadda ake mulmula ƙullin a faɗaɗa shi da tafin hannu a ɗora a kasko, a ci da man shanu. Garin yana gidanku, ba sai an jira ɗan kasuwa ba, kuma matan za su ga wata sabuwar hanyar sayar da geron da suka saba yin fura da koko da shi.

Yanzu ga tambayar matan. Kada ka ɗauka Indiya ta gama da wannan matsala. Shirinta na ciyar da 'yan makaranta shi ne mafi girma a duniya, ya kankama bayan umarnin Kotun Ƙoli na 28 ga Nuwamban 2001, yana ciyar da yara sama da miliyan 100. Masu dafawa sun kai miliyan biyu da rabi, kusan duka mata. Abin da gwamnatin tarayya ta yanka musu tun 2009 shi ne rufi 1,000 a wata, bai kai sefa 8,000 ba, na wata goma a shekara, sai abin da wasu jihohi suka ga damar ƙarawa. Ba a ma kiransa albashi, ihsani ne ga "masu taimako". A Disamban 2021, a wata makaranta a jihar Uttarakhand, wasu ɗalibai suka ƙi cin abinci saboda 'yar Dalit ce ta dafa. Ƙasar da ke bikin abinci ke nan. Kai malamin makaranta ne, kuma tun 2017 Benin tana da nata shirin ciyar da 'yan firamare. Gobe da safe ka leƙa inda ake girkin makarantarku ko ta maƙwabta, ka tambayi iyayen nan ƙarfe nawa suke fitowa, wa ke kawo itace da ruwa, nawa suke komawa gida da shi.

Za a kawo maka misalin langar, ɗakin girkin mabiya addinin Sikh. A babban wurin ibadarsu na Amritsar ana ciyar da dubun dubatar mutane kullum kyauta, mai kuɗi da matalauci a layi ɗaya a ƙasa, kuma masu sa kai ne ke yin aikin. Gaskiya ne, abin sha'awa ne. Amma a can za ka ga attajiri da rawaninsa yana yanka albasa yana wanke kwano. A wajenmu idan aka ce aikin gayya ne na girki, maza suna inuwa suna jawabi, mata suna bakin murhu tun asuba, kuma ita mai tuwon sayarwa ranar da ba ta fita ba, ba kuɗin cefane ba zubin adashi. Idan samarinku suna son langar, su ɗauki taɓarya su daka sakwarar, su ɗebo ruwa, su wanke tukwane. In ba za su iya ba, a biya wadda za ta yi, a kan abin da ta saba samu a yini, kuma a ba ta rabi kafin ranar.

Mafi kyau ma, kada ku ɗauke su aikin girki. Ku ba kowacce rumfarta kyauta ta sayar da abin da ta iya da sunanta: mai sakwara da miyar gyaɗa, mai wasa-wasa, mai tubani, mai masa, mai awara. Garinku ya san wannan tun zamanin da ayarin goro ke sauka a Djougou a kan hanyar Kano zuwa Gwanja. Kakanninka ba sadaka aka ciyar da su a zango ba, saye suka yi, kuma da cinikin nan aka gina unguwanni.

Ku gayyato matan rugage su yi wagashi a gaban jama'a. Yawancin masu cinsa ba su taɓa ganin yadda ake yi ba. Madarar safe ce za a ɗora a wuta marar ƙarfi, a daka ganye da karan tumfafiya a jiƙa da 'yar madara a tace a zuba, a bar ta ba tafasa ba har ta tsinke, fari ya taso sama ruwan ya koma ɗorawa-ɗorawa, a kwashe a ƙananan kwanduna ya tsane ya ɗauki zanen saƙar. Jan da kake gani a bayansa na karan dafi ne, da shi ake sake dafa shi don ya ƙara kwana. Kusan lita 5 na madara ke ba da kilo 1. Indiyawa suna da irinsa, paneer, da ruwan lemun tsami suke tsinka nasu, kuma ƙanenku zai iya yi a gefe a ɗanɗana duka biyun. Bambancin da ya fi muhimmanci yana wajen ciniki. A 1946 masu shanu na yankin Kaira a Gujarat suka gaji da dillalan da ke yanka musu farashi, suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa a garin Anand, wadda ta zama Amul. Yau mutum sama da miliyan 3 ke kai madara safe da yamma, a auna, a gwada maiƙonta, a biya. Ita kuwa mai wagashinmu tana bakin hanya da tire a ka, ba firji, ta san in ya kwana biyu zai yi tsami, mai mota ma ya sani, don haka shi ke yanka farashi. Ba taron yini ɗaya zai gyara wannan ba. Amma idan aka tashi mata goma sun amince su riƙa haɗa kayansu su tura Parakou da murya ɗaya, kuɗin rumfa bai tafi a banza ba.

Maganar muhalli ba ta buƙatar dogon jawabi. Benin ta haramta ledar da ba ta ruɓewa tun Disamban 2017, kai ma ka san yadda dokar take a kasuwa. Ku ce kowa ya zo da kwanonsa, a zuba fura a ƙwarya, a naɗe abin naɗewa a ganye. 'Ya'yan yazawa da ake bari suna ruɓewa a gindin bishiya bayan an cire ƙwallon, a matse su a tace, a zuba ɗan ruwan sitacin rogo ya kwantar da ɓaurin, a raba wa mutane a maimakon lemon kwalba. Wannan yana nufin ku matso da ranar cikin kaka, kada ku jira ta wuce.

Saura ɗan kasuwa. Ban ce ku mayar masa da kyautarsa ba, kuma ban zarge shi da komai ba. Mai saye yana neman a san shi a gari, wannan sana'a ce. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku gaya masa tun yanzu cewa za a yi maganar farashi da ma'auni a wurin, a gabansa, kuma kuna so ya mayar da kuɗin shinkafar ya zama ladan masu aiki da safar hannu ga mata masu fasa kashu. In ya yarda, ku sa shi a kujerar gaba ku gode masa da lasifika. In ya janye, ku yi ƙarami da karo-karonku, ku sanar da shugaban gunduma da mai gari, ku nemi filin makaranta.

Hukuncina ke nan: ku yi taron, amma ku sauya masa suna ya zama na abincin Bariénou da masu dafa shi, Indiya ta zo a matsayin baƙuwa da rumfa ɗaya. Kafin ku sake zama da samari, ka koma wajen iyayen nan mata da takarda da alƙalami, su faɗi cinikinsu na yini, kuma biyu daga cikinsu su shiga kwamitin da zai riƙe kuɗi. In an yi, ka rubuto mini ka faɗa mini nawa kowacce ta tashi da shi. Allah ya ba da sa'a, a gaida mutanen Djougou.